Farar Ƙasa a Bangon Ɗakin Siminti

Ranar Litinin, sau uku Radiyya ta karanta takardar tana tsaye a tsakiyar Ɗakin Siminti, sau ukun kuma abu ɗaya takardar ta faɗa mata. Kwamitin gine-gine na jami'a zai zo ranar Alhamis bayan la'asar. Duk ginin da ba ya cikin taswirar da aka zana a farkon 2015 za a rushe shi, sai fa wanda aka nuna shaidar gani da ido cewa ɗalibai suna amfani da shi tun kafin a zana taswirar. Ta ɗago kai ta dubi bangon gabas. Fari ne fat tun daga sama har ƙasa, kuma ita ce da hannunta ta mayar da shi haka kwana huɗu da suka wuce.

To, sai an san bangon nan kafin a gane irin ɗanyen aikin da ta yi.

Ɗakin Siminti ba wani ginin a zo a gani ba ne. Ɗan kwangila ne ya yi shi don ajiye siminti lokacin da ake gina jami'ar a bayan garin Gashuwa, da ya gama aikinsa ya kama gabansa ya bar shi da ƙofar langa-langa da taga guda. Ɗalibai suka gaje shi da sunansa. Kowace Alhamis da Asabar, daga la'asar zuwa kiran magariba, ana dafa gahawa da citta a kaskon gawayi, ana zagayawa da finjali, ana kiɗa. Mai gurmi ya yi, mai jita ya yi, 'yan Bade su yi waƙoƙin masunta, wata 'yar Kudu ta yi tata da harshen da ba mai ji amma kowa ya amsa. Babu hannun malami ko ɗaya a ciki. Duk shekara mai barin gado yana miƙa makullin ga wanda ya yarda da shi, ana ce masa mai makulli, kuma bana Radiyya ce, ta goma sha ɗaya.

Dokokin ɗakin biyu ne tak. Ta farko, duk mai shiga ya ajiye wayarsa a cikin babbar ƙwaryar da ke bakin ƙofa. Ta biyu, duk wanda ya yi wasansa na farko a ɗakin, ana ba shi alƙalamin kara ya rubuta sunansa a bangon gabas da tawadar da ake haɗawa da gawayin kaskon gahawa da ƙaro. Kowane mai makulli yana buɗe layin shekararsa da kwanan wata, daga sama ana gangarowa. Babu rajista, babu hoto, babu ko ɗan littafin baƙi. Tarihin ɗakin kaf a bangon nan yake.

Radiyya kuwa mace ce mai zafin nama, irin wadda sai ta gama aiki take tambayar ko ya kamata a yi shi. A ƙarshen hutun Sallah, babu kowa a makaranta, wani ma'aikaci ya zo awon filin wurin. Ya leƙa ɗakin, ya taɓe baki, ya ce idan kwamiti ya ga bangon nan mai kama da bayan gidan tasha, ko zama ba za su yi ba. Maganar ta tsaya mata a ƙirji. Ta ce a ranta gara a rasa rubutu a tsira da rufi. Ba ta kira tsofaffin masu makulli ba, ba ta jira a dawo hutu ba. Ta je gonar tattasan kawunta a bakin kogi ta aro injin feshi irin na goyo, ta dama farar ƙasa ruwa-ruwa, ta feshe bangon sau biyu. Zafin bazara ya busar da shi kafin ta gama wanke injin. Har daɗi ta ji a ranar, abin haushin ke nan.

Muktar, mai jita, wanda shi ne mataimakinta, ya shigo ya same ta da takardar a hannu. Tun da aka dawo hutu ya ga bangon bai ce mata ci kanki ba. Ya karɓi takardar ya karanta, ya ninke ta sannu a hankali ya mayar mata.

"Wata biyar na yi ina wanke finjali kafin aka ba ni alƙalamin nan," in ji shi. "Layi na biyu daga ƙasa, kusa da taga."

"Na sani, Muktar."

"Kin sani kika feshe."

Da zaginta ya yi da ta fi jin sauƙi.

Ranar Talata ta sayi reza ta durƙusa a kusurwar ƙasa, ta fara kankarar farar ƙasar a hankali kamar mai fere albasa. Farar ƙasar ta fita, tawadar ta bi ta. Inda ta san sunan wata Salma yake, sai siminti tsirara. Ta jefar da rezar. Daga nan ta bi tsofaffin ɗalibai a waya ɗaya bayan ɗaya, daga Damaturu har Legas, ko akwai wanda ya taɓa karya doka ya ɗauki hoto a ɓoye. Wallahi ko mutum ɗaya. Wasu har da alfahari suke faɗa mata, su ai ba su taɓa shiga da waya ba. Ita kuwa da ƙyar take riƙe kuka har su gama.

Da azahar ta je ofishin Dakta Mardiyya, shugabar kwamitin. Mace ce mai magana a hankali, ba ta da mugunta, ba ta kuma da wasa.

"Ranki ya daɗe, zan iya kawo mutum hamsin su rantse."

"Mai wankin mota na bayan ɗakin karatu ma ya ce zai kawo min hamsin," in ji Dakta. "Ban ce ƙarya kuke yi ba, Radiyya. Amma mu bakwai ne a kwamitin, ba zan ce musu na ji an ce ba. Ki nuna mana abu mai kwanan wata, wanda ya riga 2015. Ko guda ɗaya ne."

Ko guda ɗaya. Radiyya ta san inda guda ɗayan yake. Can sama yake, layin farko, dab da rufi.

Laraba da sassafe ta shiga motar Nguru. Mutum ɗaya ya rage da ba ta kira ba, don kunya ta hana ta, shi ne Babakura, mai makulli na farko. Yanzu fataucin ƙaro yake yi, rumfarsa tana bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ta same shi zaune a kan buhu, mata suna tsince ƙaro a faifai a gefensa. Ta gaishe shi, ta faɗi ko ita wace ce. Fuskarsa ta washe, ya sa aka kawo mata ruwa da tabarma, yana tambayar ko butar gahawar kakarsa tana nan. Tana nan. Ita kam ruwan ma ta kasa sha.

"Yaya Babakura, na yi ɓarna," in ji ta, ta kwashe labarin duka ta faɗa masa ba tare da ta rage wa kanta laifi ba.

Ya daɗe yana juya wani dunƙulen ƙaro a tafin hannu.

"Duka bangon?"

"Duka."

"Har layin sama?"

Ta gyaɗa kai.

Ya ce wa matan su je su huta. Da suka tashi ya ce, "Kin san abin da ya sa muke ajiye waya a ƙwarya?"

"An ce don kada ta dami masu kiɗa."

"Haka ake faɗa muku yanzu?" Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba. "A shekarar da muka shiga makarantar nan, 2014, mutum ba ya son a gan shi a hoto da abin kiɗa a hannu. Ba ki san wayar wa hoton zai faɗa ba, ba ki san a wane shinge za a tsayar da mai ita ba. Ƙarfe shida kowa ya shige ɗaki. Mu samari ne, an kawo mu daga garuruwa an zuba a fili, babu inda za mu zauna mu ji muryar juna sai labarin wanda aka kashe. Ajimi ne ya gano ɗakin. Ɗan Karasuwa ne, dogo kamar giginya, da gurminsa a cikin buhun shinkafa don kada a gane. Ni na kawo buta, shi ya kawo gurmi. Mu tara ne ranar farko, muna kiɗa ƙasa-ƙasa kamar masu gulma."

"Shi ya rubuta layin farko?"

"Shi ne. Na ce masa kada mu bar rubutu. Ya ce hoto yana yawo, bango kuwa ba ya zuwa ko'ina, wanda duk ya karanta shi sai da ya shigo ya sha gahawarmu. Ya miƙa hannu ya rubuta can sama ko benci bai taka ba." Babakura ya ajiye ƙaron. "Ciwon ƙoda ya ɗauke shi muna aji uku. Littattafansa da takardunsa suna gida a cikin akwati, wata ambaliya ta tafi da su. Rubutun hannunsa bai rage a ko'ina a duniya ba sai a bangon nan. Kin ga wata tsohuwa da take zuwa duk shekara farkon damina?"

Radiyya ta gan ta bara. Wata 'yar tsohuwa ce da baƙin lafaya, aka jawo mata benci ta hau, ta ɗora tafin hannunta a can sama ta ɗan jima, ta sauko ta sha finjali ɗaya ta tafi. A lokacin ba ta tambaya ba, tana can tana fama da gawayi.

"Ya Gumsu ke nan, mahaifiyarsa. Ba ta karatun boko. Wurin ta sani."

Nan Radiyya ta fashe da kukan da take dannewa tun Litinin. Babakura bai lallashe ta ba, ya bar ta ta yi mai isarta. Sannan ya tambaye ta da me ta shafa farar ƙasar, da burushi ko da tsumma. Ta ce feshi ta yi. Ya ɗago kai da sauri.

"Feshi? Ba ki goga ba?"

"Ban taɓa bangon da hannu ba."

Ya tashi ya ɗauki butar alwala, ya ce ta biyo shi. Bangon bayan rumfarsa ma farar ƙasa ce. Ya guntsi ruwa ya fesa. Inda ruwan ya sauka farin ya dushe ya koma ruwan toka, sai ga zanen wani kifi da aka taɓa yi da gawayi ya fito a ƙarƙashi, har da idonsa.

"Farar ƙasa idan ta jiƙe ba ta ɓoye komai," in ji shi. "Sunayen suna nan."

Ta buɗe baki za ta yi godiya.

"Tsaya, ban gama ba. Tawadarmu irin ta allo ce, ƙaro ne yake riƙe da ita, ƙaro kuwa ruwa ne ajalinsa. Ta sha ruwa sau ɗaya ranar da kika yi feshi, zafi ya cece ta. A karo na biyu za ta fito, ki gan ta kamar tsawon shan finjali ɗaya, daga nan ta narke ta zubo. Ba za ta sake dawowa ba." Ya dube ta ido cikin ido. "Idan ba ki jiƙa ba, za a rushe ɗakin, amma zan zo da magini kafin ranar mu yanke wurin Ajimi mu kai wa uwarsa, ko a rufe yake ta san yana ciki. Idan kin jiƙa, wataƙila ɗakin ya tsira, ita kuma ta rasa. Makullin yana hannunki, ni nawa ya wuce. Abu ɗaya zan ce, kada ta ji a bakin wani."

A hanyar komawa ta sauka a Jajimaji, ta hau mashin zuwa Karasuwa da rana tsaka, kwalta tana tururi. Ta yi ta shirya maganar da za ta faɗa, da ta isa ƙofar gidan duk ta watse. Ya Gumsu tana zaune a inuwar darbejiya tana gyaran kuɓewa busasshiya. Ta amsa sallama, ta ce wushe, sannun Barebari, ta shimfiɗa mata tabarma kamar ta san da zuwanta.

Radiyya ta durƙusa, ta ƙi hawa tabarmar. Ta faɗi abin da ta yi, ta faɗi abin da Babakura ya ce, duka biyun.

Tsohuwar ba ta daina gyaran kuɓewarta ba. Hausarta a hankali take fita, da nauyin Barebari a kanta.

"Yana nan a ƙarƙashi?"

"Yana nan, Iya."

"To ki bar shi a nan. Ni ban taɓa karanta shi ba, balle in ce farin ya hana ni. Hannuna nake sawa."

"Za su rushe ɗakin, Iya."

"Babakura zai yanko min."

"Idan aka rushe, shi ke nan an daina kiɗan. Ba za su ba mu wani wuri ba. Shekara goma sha ɗaya..." Ta ji kunyar kanta, ita da ta yi ɓarnar, ita ce kuma ta zo roƙon uwar mamaci ta biya. "Ku yafe min. Ban zo don in tilasta muku ba. Idan kun ce a'a, ba zan taɓa wurinsa ba."

Ta faɗi haka ne tana sane da cewa sauran layukan goma ba za su yi mata amfanin komai ba.

Ya Gumsu ta karkaɗe faifanta. "Yaushe za su zo?"

"Gobe bayan la'asar."

"Allah ya kai mu," in ji ta. Radiyya ta fito ba ta san ko an ba ta izini ko an hana ta ba, ta dai fi zaton an hana.

Ranar Alhamis ɗakin ya cika tun kafin la'asar, har waje. Radiyya ta tsaya a ƙofa ta ce yau an ɗage doka, kowa ya shiga da wayarsa ya ɗauki abin da zai iya. Duk da haka fiye da rabinsu sai da suka jefa wayoyin a ƙwarya, hannu ya riga ya saba. Muktar ya hura gawayi ya ɗora buta, don ya ce ko rushewa za a yi ba za a karɓi baƙi babu gahawa ba. Babakura ya iso daga Nguru ya tsaya a baya ya harɗe hannu. Can sai ga Ya Gumsu da baƙin lafayarta, ita kaɗai. Aka buɗa mata hanya ta zauna a kan bencin da ke jikin taga, ba ta dubi Radiyya ba.

'Yan kwamiti bakwai suka shigo suna fifita da takardu. Dakta Mardiyya ta dubi farin bangon, ta dubi Radiyya da injin feshi goye a bayanta.

"Ina shaidar?"

"Ranki ya daɗe, ku matso kusa. Ba za ta jima ba."

Ta fara daga ƙasa, don kada ruwan sama ya wanke na ƙasa kafin a gani. Ta danna hannun injin, ruwa ya fita siriri. Farin ya dushe. Da farko babu komai. Sai ga baƙaƙe suna tasowa kamar tsiro, layin bana, da kwanan watan da ta rubuta da hannunta. Wani ya ja numfashi. Wata daga baya ta karanta sunan farko da ƙarfi, sauran suka kama, suna karantawa tare.

Ta hau layi na biyu. Muktar yana riƙe da waya yana ɗauka, ya ga sunansa kusa da taga, ya karanta shi da bakinsa. Kafin ta gama layi na uku, na farkon ya fara zubowa, baƙin ruwa yana bin bango zuwa ƙasa. Masu karatu suka ƙara sauri. Humaira Kumagannam, kukuma. Fatihu, kalangu. Sadiya da ƙanwarta, waƙar daka. Wasu sunayen an san su, wasu ba wanda ya taɓa jin su, duk aka kira su. Dakta Mardiyya tana bin kwanan watan da biro, tana faɗa wa na kusa da ita, 2021, 2020, ga shekarar da aka rufe makarantu ma sun yi layi, mutum huɗu. Radiyya ba ta karanta ko ɗaya ba. Danna injin kawai take yi, kafaɗarta tana zafi, tana jin tana kashe abin da take nunawa.

Layi na goma ya fito, Oktoba 2015, lokacin da Babakura ya miƙa makulli ga na biyu. Ta saki hannun injin. Tsakanin wurin da ya jiƙe da rufi saura fari kamar faɗin taku ɗaya.

Ruwa yana ta ɗiga a gindin bango.

"Na ga shekara goma a jere, kuma ban taɓa ganin irin wannan ba," in ji Dakta Mardiyya, muryarta ta sauya. "Amma Oktoba 2015 bayan taswira ne, Radiyya. Akwai wani a sama?"

"Akwai, ranki ya daɗe."

"To bismillah."

Radiyya ba ta motsa ba. Ta riga ta yi alkawari a Karasuwa, a durƙushe. Ta dubi baƙin ruwan da ya taru a gindin bango, sunayen mutum ɗari uku da wani abu, ta zubar da su a banza ke nan. Wani ɗan kwamiti ya duba agogo. Ta ji Muktar yana kiran sunanta ƙasa-ƙasa. Ta fara zare igiyar injin daga kafaɗa.

"Ku jawo min bencin."

Ya Gumsu ce ta miƙe. Babakura ya ratso mutane ya ɗauki bencin ya ajiye a gindin bango, cikin ruwan, ya riƙe mata hannu ta hau. Ta miƙa hannun dama ta shafa farin, ta matsa hagu kaɗan, ta tsaya. Ta daɗe a haka, tafinta a manne da bango, kamar yadda take yi duk shekara. Sannan ta zame hannun ƙasa kaɗan, ta juyo ta dubi Radiyya karo na farko.

"Nan ne, 'yata. Kada ki ɓata ruwa a gefe."

Radiyya ta mayar da igiyar. Ta riƙe sandar feshin da kyau. Ta ɗaga ta danna.

Rubutun ya fito manya-manya, a karkace, na mutumin da ya rubuta yana miƙe a kan yatsun ƙafa. Babu wanda ya iya karantawa da ƙarfi sai Dakta Mardiyya.

"Ajimi Karasuwa, gurmi. Asabar, 8 ga Nuwamba, 2014. Mun buɗe."

"Me ya ce a ƙarshe?" in ji tsohuwar.

"Ya ce mun buɗe, Iya."

"Shekara tara ina zuwa, ba wanda ya faɗa min da magana a ciki."

'Yan kwamitin suka matso ɗaya bayan ɗaya suka gani da idonsu. Na bakwai yana dubawa harafin farko ya fara kumbura, ya saki. Ya Gumsu ta tara tafin hannunta a ƙasan rubutun, ta manna gefensa da bango. Sunan ya narke ya gangaro, kwanan watan ya bi shi, baƙin ruwan ya taru a hannunta har ya cika ya fara bin tsintsiyar hannun zuwa cikin lafaya. Ba ta janye ba sai da wurin ya koma toka-toka babu komai.

Dakta Mardiyya ta rubuta wani abu a takardarta, ta miƙa wa sauran suka sa hannu a tsaye. Ta ce wa Radiyya ɗakin zai shiga taswira, takarda za ta biyo baya. Babu wanda ya yi tafi. Muktar ya duba abin da ya ɗauka a waya, duhun ɗaki da rawar hannu sun mayar da rabinsa inuwa, layin sama kuwa bayan tsohuwar ya rufe shi.

Aka sauko da ita ta zauna. Radiyya ta sauke injin, ta zuba gahawa a finjali, ta kawo tare da butar ruwa da ɗan tsumma, ta durƙusa a gabanta.

Ya Gumsu ta dubi butar, ta dubi finjalin, ta girgiza kai.

"Yau ba zan sha ba, 'yata. Hannun a cike yake."

Radiyya ce ta raka ta tasha. Duk tsawon hanyar tsohuwar tana riƙe da hannun daman a dunƙule a ƙirjinta, cikin lafaya. Da motar Jajimaji ta zo, da hagu ta kama ƙofa ta shiga.